Minti Goma a Ɗakin Tamowa

Ni Basiratu, shekara uku na yi a jami'ar Yamai ina karatun sikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, na dawo Filinge da takarda a hannu da kuma kai wanda ya fi ƙofar gidanmu faɗi. Tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani, amma karatun ya ƙara mini wata tsiya. Duk wanda ya ɓata mini rai sai in laƙaba wa halinsa suna da Faransanci. Ƙanwata ta fasa tulu ta ce ba ita ba ce, in ce wannan deni ne, musun abin da zuciya ta riga ta sani. Maƙwabciyarmu ta sha faɗa wajen mijinta ta zo ta huce a kan akuya, ita ma ina da sunan ciwonta. Matan unguwa suka sa mini Likitar Zuci. Sai da na yi wata biyu kafin in gane ba yabo ba ne.

Wani furoje na agaji ya ɗauke ni aiki, aka ajiye ni a ɗakin yaran tamowa. Aikina ba wuya. In zauna a kujera minti goma, in zuba wa uwa da ɗanta ido ba tare da na ce uffan ba, in cika wata takarda mai akwatuna da muke kira fishi. Uwa tana kallon ɗanta? Tana kiran sunansa? Tana yi masa wasa? In ya yi kuka tana ɗaukarsa? Abin da ake aunawa, a aji atashema muke ce masa, da Hausa shaƙuwa. An koya mana cewa yaron da bai samu shaƙuwar uwa ba, ko an cika masa ciki da madara, jikinsa ba ya karɓa yadda ya kamata. Na yarda da wannan darasi fiye da kowane, kuma ina da dalilina.

Ni ɗiyar fari ce. A ƙasarmu ta Kurfai uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban surukai. Kunya ce, kowa ya tashi ya tarar da ita. Innata ba ta taɓa furta Basiratu ba. "Ke" take ce mini, in tana ba wani labarina ta ce "waccan". Ranar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ƙannena suna ta tsalle, ita kuwa ta ci gaba da tsince ganyen kopton da za ta kai kasuwa, ta ce wa ƙanwata, "Ce mata ga hura nan cikin ƙwarya." Na ji zafin wannan tun ina yarinya, ban dai san inda zan ajiye shi ba. Da na je Yamai malami ya rubuta a allo cewa akwai yaran da ke tashi da yunwar ƙauna, sai na ji kamar da ni yake. Na kwafe shi a kaye, littafin darasina, na ja masa layi biyu da jan bik, wato biro.

Wata Talata da hantsi aka kawo Sakina da 'yarta. Mutanen wani ƙauye ne bayan Sanam. 'Yan bindiga sun tare mijinta Nasiru a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Abala, bai iso gida ba, ƙauyen kuma ya watse. Ita da uwar mijin suka gangaro Filinge, suka kafa zana a bakin gari. Sakina ba ta wuce shekara ashirin ba. Yarinyar tana da shekara biyu da 'yan watanni, gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura. Sunan kakarta aka sa mata, Habsa, don haka kowa Ummul yake ce mata. Tsohuwa Habsa, uwar mijin, ta shimfiɗa tabarma a bakin gadon ta zauna da carbinta.

Na jawo kujera, na duba agogo.

Minti goman nan Sakina ba ta ɗaga kai ba. Fuskarta tana wajen taga, hannunta yana murza bakin zane. Yarinyar ta yi ɗan kuka irin na marasa ƙarfi, tsohuwa ce ta miƙa hannu ta jijjiga ta. Na karya dokar shiru na tambaya, "Mi sunan ɗiyarki?" Sakina ta sunkuyar da kai, ta ce, "Tambayi tsohuwa, tata ta." Na ce, "Wata nawa gare ta?" Ta ce, "Su sunka sani."

Jinina ya tafasa. Na ga innata zaune a wurin, da murza zanen da kau da kan duka. Na bi akwatunan nan ina zarga a'a, a'a, a'a, har bik ya huda takarda. A ƙasa, inda aka bar layi huɗu don ra'ayin ma'aikaci, na zuba Faransancin da na fi ji da shi. Na ce uwa ba ta nuna shaƙuwa ko kaɗan, ba ta san sunan ɗiyarta ko shekarunta ba, ya kamata a nemi wani cikin dangi ya ɗauki nauyin yarinyar. Kada wani ya ce ban san al'ada ba. Na san ta kamar yunwar cikina. Na ga tsohuwa zaune a wurin, na kuma san abin da zamanta yake nufi. Na rubuta duk da haka, na kai wa shef ɗinmu, wato shugabarmu, Madam Anisa, ta buga hatimi ba ta ko karanta layi na biyu ba.

Kwana goma sha biyu yarinyar ta yi a wurinmu, kumburi ya sauka, ta fara zama. Ranar sallama wani dogon mutum ya zo da hula a karkace, ya ce shi ne Isufu, wan marigayi, daga Bonkuku. Shekara goma ke nan da aurensa Allah bai ba shi haihuwa ba, kuma tun ranar sadakar bakwai yake cewa jinin ƙanensa ba zai tashi a cikin zana ba. Shi ya sa hannu a matsayin uban yarinya, aka miƙa masa takardun sallama, har da kwafin fishina. Bai yi lakkwal ba, wato boko, amma ya samu wanda ya karanta masa a tasha.

Bayan kwana biyu aka aiko kirana zauren Magagi, mai unguwar da Sakina ta sauka. Na tarar da dattawa biyar, da Isufu, da tsohuwa Habsa, Sakina kuma tana rakuɓe a bakin ƙofa da goyo. Magagi ya miƙo mini takardar.

"Ɗiyata, an ce hannunki na. Karanta muna da Hausa, mu ji."

Ban taɓa jin rubutuna da Hausa ba sai ranar. Da Faransanci magana ce ta masu ilimi. Da na juya ta, sai ta fito zagi tsirara: wannan mace ba ta son 'yarta, ba ta san sunanta ba, a karɓe ta a ba wani. Na gama, na dubi dattawan. Babu mutum ɗaya a cikinsu da bai san dalilin shirun Sakina ba. Uwayensu haka suka yi musu, matansu haka suke yi. Wani dattijo ma har ya yi murmushi ya kau da kai.

Isufu ya gyara murya. "To, kun ji. Ba ni nac ce ba, likita tac ce. Ni ƙauye ni hito, ban san komi ba. Su da sunka yi karatu sun auna sun gani."

Munafuki. Ya fi kowa sanin gaskiya, amma ya tsinci sanda a hanya, kuma ni na yar da ita.

Magagi ya dube ni ya daɗe. "Ke ba ɗiyar Kurhwai ta ba? Wa yah haihe ki?" Na faɗi sunan babana. Ya girgiza kai. "Ga al'ada, ɗiya tana wajen uwatta hat ta yi wayo. Amma wagga takarda da hatimi ta zo, ni ba ni iya tsallake ta, gobe a ce ɗiya ta mutu hannun uwa bayan likita ta yi gargaɗi. Wanda yar rubuta shi ka gogewa. Isuhu zai koma Bonkuku ran kasuwa. In an kawo min wata takarda kahin nan, ɗiya ta zamna. In ba a kawo ba, shi tahi da ita."

Kwana biyar ke nan ya ba ni, zuwa Lahadi.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana surfe, ba ta dube ni ba, kamar kullum.

"Ke, mi kinka rubuta ma ɗiyam mutane?"

Na ce aikina na yi. Ta ce, "Da ni anka aza gabanki sadda kina goye, haka za ki rubuta?" Zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Awo, haka zan rubuta. Shekara ashirin da biyar, ko sau ɗaya kin taɓa kiran sunana?"

Ta tsayar da taɓarya. Na zaci za ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin.

"Shekarad da ƙyanda tak kama ki, kakarki tad ɗauke ki ɗakinta. Kwana tara ina bayan darni tsaye, ina sauraren numhwashinki. In kin yi tari in ji daɗi, don na san kina nan. Ba wanda yag gane ni. Da an gane ni, da na ji kunya hal gobe." Ta ɗaga taɓarya. "Ku an koya muku kallo minti goma. Wane so na ka hitowa minti goma, gaban uwam miji?"

Ta ci gaba da surfenta. Ko a nan ba ta faɗi sunan ba.

Na shiga ɗaki na jawo kayen shekarar farko. Abin takaici, duk abin da na yi yana ciki, da rubutun hannuna. Akwai shafin da ke bayanin yadda mutum yake kwasar abin da ke cin ransa ya jingina wa wani, furojeksiyo. Akwai wanda ke cewa mai bincike yakan ga abin da ya zo nema ne kawai, ya rufe ido ga sauran. Har da gargaɗin cewa mutum yakan canza hali idan ya san ana kallonsa. Duka na haddace su, na ci jarrabawa da su, na samu sha shida bisa ashirin. Ban taɓa tunanin da ni suke ba. Na ji haushin kaina, irin haushin da ba ka da wanda za ka huce a kansa.

Washegari na sami Madam Anisa a ofis. Mace ce mai bin ƙa'ida, 'yar Yamai, ba ta da mugunta, ba ta kuma da lokaci. Na ce na yi kuskure, ina so in janye fishin. Ta ce takardar da ta shiga dosiye, wato fayil ɗin yarinya, ba ta fita don ma'aikaci ya canza ra'ayi. Sai dai a sake zaman kallo, ita da kanta za ta zauna, in ta ga uwa ta cika akwatunan ta sa hannu a sabuwa. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta ce ta ji, amma babu akwatin kunya a fishin. Da Isufu ya samu labari, ya ce shi da tsohuwa sai sun zauna a wurin, kada a yi musu rufa-rufa. Na roƙi Madam ta hana, ta ce dangi suna da haƙƙi.

Ranar Juma'a na tafi bakin gari neman Sakina. Tsohuwa ta tafi makoki, na sami Sakina ita da 'yarta a bayan zana. Ba ta ji zuwana ba. Ta ɗora yarinyar a cinya tana ba ta kunu da ludayi, tana hura kowane ludayi, tana yi mata wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, yarinyar tana kama mata hanci tana dariya. Da ta gan ni ta sauke ta da sauri kamar an kama ta da sata.

Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Na ce, "Abin da na ishe ki kina yi yanzu, shi za ki yi gobe. Minti goma kawai. Ki ɗauke ta, ki dibe ta, ki yi mata wasa, ki kira sunanta."

"Gaban tsohuwa?"

"Gaban kowa."

"Malama, ba ni iyawa."

"In ba ki iya ba, ran Lahadi tana Bonkuku."

Ta kalli ludayin. Can ta ce, "Wane sunan?" Nan ne na yi gyaran gangar Abzinawa. Tsoro nake kada Madam ta duba dosiye ta ga wani suna dabam ta ce uwa ba ta san sunan 'yarta ba. Na ce, "Na takarda. Shi shef tas sani." Sakina ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da na san ta. Sunan takarda shi ne Habsa, sunan uwar mijinta, wanda ko a bayan idonta ba ta taɓa furtawa ba.

Ranar Asabar da safe muka hallara a ɗakin. Madam Anisa da fishi a cinya, ni a tsaye a bayanta, Isufu a bakin ƙofa, tsohuwa a tabarmarta. Matan da ke jinyar 'ya'yansu a sauran gadaje duk suka juyo. Madam ta duba agogo ta ce a fara.

Minti uku suka wuce Sakina ba ta motsa ba. Gumi yana bin wuyanta. Na ga bik ɗin Madam ya doshi akwatin farko. Sai yarinyar ta miƙo hannu. Sakina ta sunkuya ta ɗauke ta, ta rungume, ta sa fuskarta a wuyan yarinyar. Ta ɗago ta, ta dube ta ido cikin ido. Da wata murya wadda ba tata ba, mai rawa, amma kowa ya ji, ta ce, "Habsa. Habsa, ɗiyata. Habsa tawa." Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Ta yi ta faɗi tana kuka, tana sumbatar kan yarinyar, kamar mai biyan azumin shekara biyu.

Wata mata a gadon kusa ta rufe baki da mayafi. Wata ta ce, "La ilaha!" Madam Anisa kuwa tana ta zarga i, i, i, fuskarta a sake. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙo mini, ta ce da Faransanci shaƙuwa ce mai kyau ƙwarai.

Tsohuwa Habsa ta miƙe, ta naɗe tabarmarta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara sittin da wani abu, ko ɗiyan da nih haihwa ba su taɓa kama sunana gabana ba. Yau matad ɗana ta kira shi sau bakwai, cikin mutane, ɗana ko shekara bai yi cikin ƙasa ba." Ta dubi Isufu. "Mu tahi."

Na ruga zauren Magagi da sabuwar takarda, amma labari ya fi ni sauri. Dattawan da suka yi murmushi ranar farko, yau babu mai murmushi. Na miƙa takardar, Magagi ya karɓa ya ajiye a gefen buzu bai ce in karanta ba. Na ce ni na sa ta, ni na ce ta kira sunan, laifina ne. Wani dattijo ya ce, "In an ce ki hwaɗa rijiya, sai ki hwaɗa?" Isufu ya ce, cikin ladabi har da sunkuyar da kai, "Ranka shi daɗe, yanzu ba zancen takarda muka yi ba. Ɗiya mace ta. Wa za ya koya mata kunya?" Ranar farko tsohuwa ba ta goyi bayan kowa ba, ita ce ma nake sa ran za ta riƙe jikarta kusa da ita. Yau ta ce ita ma Bonkuku za ta, ba ta iya kwana zana ɗaya da wadda ta tozarta ta. Magagi ya shafa gemu, ya ce tunda kaka da baffa sun haɗa baki, shi ba shi da ta cewa.

Ranar Lahadi kasuwa ta cika, motar Bonkuku tana lodi a bakin tasha. Ban san abin da ya kai ni ba. Sakina ce ta goyo yarinyar har bakin mota, ta kwance ta, ta miƙa wa tsohuwa ta taga, tare da ƙullin kayanta da ludayin kununta. Yarinyar ta fara ihu tana miƙo hannu. Mata biyu masu sayar da gyaɗa suna nuna Sakina da baki, ɗaya tana ce wa ɗaya ita ce wadda ta kira sunan. Motar ta tashi.

Na matsa kusa da ita, bakina cike da maganganun da aka koya mana a faɗa wa wanda ya yi rashi. Ita ce ta riga ni magana, tana ninke zanen goyon gida huɗu.

"Malama, na yi kawaici kin ce ba ni sonta. Na yi magana sun ce ba ni da kunya. In akwai na ukku cikin karatun naku, hwaɗa min, in yi."

Ta jira. Da gaske take jira, ba gatse ba ne. Da ta gaji da jira ta ɗora zanen a ka, ta ratsa cikin kasuwa ta nufi bakin gari.